Kada Ka Tuɓe Takalminka

Jega, ranar Laraba da hantsi.

Ɗana Bashar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, ya sauke ka Kaduna lafiya, ya raba ka da sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sa mutanen da suka ɗauke ka kiɗa su zama na kirki. Amin. Innarka na gaishe ka. Ga ta can bakin murhu tana share ido, wai hayaƙi ne, alhali wutar ta mutu tun ɗazu.

Na soke takardar nan ƙarƙashin tsirkiyar jitarka ta bes, don na san nan ne kurum hannunka ba ya mantawa. A gindin jakar tufafinka kuma, cikin baƙar leda, za ka iske takalmi sau-ciki mai kaurin roba. Saboda shi na zauna rubutu, ni da rabona da biro har na manta. Maganar guda ce: muddin jita na rataye a wuyanka kuma waya na jone da ita, kada ka tuɓe takalminka, ko gaban wa kake, ko bisa tabarmar wa. In ka tuɓe, wutar lantarki za ta iya kashe ka. Ban san yadda zan tausasa ta ba, shi ya sa na faɗe ta haka.

Na so in gaya maka baki da baki. Na ma gwada shekaranjiya, ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Baba." Ni kuwa na san "To, Baba" ɗinka sarai. Ita kake ba ni in na ce ka ci abinci kafin ka fita, ita kake ba innarka in ta ce ka rage wanga gashi da ka tara kamar sheƙar tsuntsu. Ka ce to, ka wuce, ka yi abin da ka ga dama cikin ladabi. Saboda haka na rubuta, ko ka karanta sau biyu.

Amma tunda biron ya kama hannuna, bari in zazzage maka wautar da na yi da kayan kiɗa, ka tsinci abin da zai amfane ka, sannan mu dawo kan takalmi.

Ka san wurin Yohanna na koyi bes, mutumin Zuru da ke gyaran rediyo bayan tasha. Dauri ba wanda ya san abin nan a garinmu. Tsofaffin mata garayar Bature suke ce mata, suna tambaya me ya sa take gurnani kamar bijimi. Ranar da zan tafi Sakkwato in sayi tawa ta kaina, Yohanna ya ce, "Umaru, ka rufe ido in za ka zaɓa. Kafaɗarka da kunnenka za su yi aikin, ba idonka ba." Na ce masa to. Ka ga ashe gado ka yi. Ina shiga shagon na hango wata ja wur, tana walƙiya, mai tsirkiya biyar, nan take hankalina ya tafi. So nake in an zo biki a ƙirga tsirkiyoyina a ga sun fi na kowa. Kai, Bashar, turmi na saya! Mu fara kiɗa bayan la'asar, kafin magariba kafaɗata ta mutu, sai ka gan ni na karkace kamar mai ɗauke da tulu. Ita kuwa tsirkiya ta biyar, tun da na saye ta ban ga waƙar Garba mawaƙinmu da ta nemi sautinta ba. Wurin ajiye babban yatsa kurum ta zame mini.

To kai taka mai huɗu ce, mara nauyi, kuma wuyanta a miƙe yake. A Kaduna za ka ga masu shida, za ka ga masu ƙyalli kamar motar amarya, kuma zuciyarka za ta yi maka raɗa. Ban hana ka canzawa ba in aiki ya nema. Amma kafin ka yarda, rataya ta ka tsaya tsaye, ka daɗe, har mai shagon ya fara tsaki. Ka kaɗa ta ba tare da an jona ba, daga sama har ƙasa, gida-gida, ka saurara ko akwai inda take zizar ƙudan zuma. Ka ɗaga ta ka hangi wuyan daga kai, yadda kafinta ke hangen katako. Maratayin fatar da ke jikinta kuwa, kada ka raina shi don ba na kanti ba ne. Ni na sa baduku ya faɗaɗa shi, kuma faɗin nan shi zai bar maka kafaɗa ka tsufa da ita.

Wata wautar kuma, ita jar nan mai cin batir ce. Ban san cewa in ka bar waya a jone da ita, batirin na ƙonewa ko ba ka kiɗa ba. Muna tsakiyar biki a Kuberi, Garba ya ɗauko waƙar uwar ango, mata sun shigo fili, sai bes ta fara, ka gafarce ni, tusa. Ɓurrr, ɓurrr, ta yi shiru. Irin batirin nan mai kusurwa huɗu kuwa, a Kuberi ko sunansa ba a taɓa ji ba. Haka na ƙarasa bikin ina tafi da hannu. Shehu mai kalangu har yau in ya gan ni a kasuwa sai ya yi mini wannan ƙarar da baki, da furfurarsa da komai, ba ya jin kunya. In ka taɓa mallakar mai batir, ka cire waya da zarar ka gama, ka ajiye wani batirin a aljihun jaka. Wayar jonawa ma biyu za ka riƙa ɗauka, don ita ce abin da ya fi komai mutuwa ba sallama. Kuma kada ka naɗe ta a gwiwar hannu kamar igiyar guga, haka take karyewa daga ciki.

Sai kuma ranar albasa, wadda innarka ta fi ni iya ba da labarinta. Daga Aliero za mu Maiyama, cikin bazara, mota ta cika maƙil. Kwandasta ya ce sai dai a ɗora jita sama. Ni kuma don kada a ce na cika fitina, na bari ya ɗaure ta bisa buhunan albasa, cikin ranar nan da ka sani mai narka kwalta. Da muka sauka na buɗe, wuyan ya lanƙwashe, tsirkiya ta yi nisa da katako har yatsana na wucewa ƙarƙashinta. Ga wari! Lokacin innarka na amarya, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Ko kai ko wanga abu, ɗaya zai kwana zaure." Jitar ce ta kwana, amma da ƙyar na sha. Yohanna ya yi kwanaki yana murɗa ƙarfen da ke cikin wuyan, kaɗan-kaɗan, ya murɗa ya bar ta ta huta, kafin ta dawo hayyacinta. Saboda haka a mota bisa cinyarka za ta zauna, ko da za ka biya mata kujera. Kada ka jingine ta a rana, kada ka jingine ta kusa da janareta. In wuyan ya motsa, kada ka murɗe ƙarfen nan da ƙarfi kamar kana ɗaure taya. Ka goge tsirkiya da tsumma duk bayan kiɗa, don guminmu gishiri ne. In sun dushe kuma babu sababbi kusa, tafasa su cikin ruwa, za su ɗan farfaɗo. Sai dai ka nemi gwangwaninka, kada ka taɓa tukunyar matar gida. Wannan ma na gwada.

Amfilifaya kuwa, akwatin nan mai ƙara sauti, na ƙone guda a Maiyama da hannuna. Makaɗa sun yi zafi, ba na jin kaina, sai na bi maɓallan nan duk na murɗe su har ƙarshe. Garba na yi mini alama da hannu, ni na ɗauka yabo ne. Can sai na ji ƙaurin roba, sifika ta yage. Abin da ban gane ba a lokacin, wanda ke tsaye gaban amfilifaya shi ya fi kowa rashin jin bes. Can nesa take sauka. In kana so ka san ko tana aiki, dubi ƙafafun masu rawa, ko tsohuwar da ke zaune can baya tana gyaɗa kai ba ta san tana yi ba. In sauti ya dagule, rage maɓallin ƙasa ka ƙara na tsakiya, za ta fito fes ba sai ka yi faɗa da kalangu ba. Ka ɗora amfilifaya bisa benci, ba bisa ƙasa ba. A tada janareta ya daidaita tukuna, kai ne na ƙarshen kunnawa, kai ne na farkon kashewa.

Duk waɗannan, in ka yi su ma, kaya ne za su lalace, a gyara ko a sake. Yanzu ga wadda ba a gyarawa.

Ka tashi ka ga yatsuna biyu na hannun hagu ba sa lanƙwasuwa, ƙaramin da na kusa da shi. Ka san wuta ce ta ja ni a Sarandosa. Abin da ban taɓa zama na warware maka ba shi ne yadda aka yi, don ba na son tunawa, innarka kuma tashi take in an ɗauko zancen.

Damina ce. An yi ruwa da safe, muka taho da kaya a bayan akori-kura, amfilifaya ta sha yayyafi ta ƙasan tamfol. Da muka isa, soket ɗin da masu bikin suka ja mana daga janareta mai rami biyu ne, fulogina kuwa ƙafa uku gare shi. Ka san ta ukun nan, mai kauri, ita ce ke zubar da wutar da ta ɓace zuwa ƙasa, maimakon ta bi ta jikin mutum. Na sani, Yohanna ya gaya mini. Amma ana jira, sai na sa filaya na karye ta, na soka. Na gwada kiɗa ina sanye da takalmina, komai lafiya lau, sai ɗan cizo-cizo da nake ji a tsirkiya kamar tururuwa. Na ce sanyi ne.

Bayan la'asar dattijan gari suka fito, uban amarya da 'yan'uwansa. Don a girmama mu, aka shimfiɗa mana sabuwar tabarma a gabansu, bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa. To wa zai hau sabuwar tabarmar mutane da takalmi, gaban masu furfura? Garba ya tuɓe, Shehu ya tuɓe, ni ma na tuɓe na jera nawa a gefe. Ko tunani ban yi ba, ƙafata ce ta yi da kanta, yadda aka koya mata tun tana ƙarama. Tabarmar kuwa ta tsotsi ruwa, na ji sanyinta a tafin ƙafa. Garba ya ɗaga murya, na damƙi wuyan jita da hannun hagu.

Bashar, ba jifa wuta ke yi da mutum ba, riƙewa take. Hannuna ya ƙulle a kan tsirkiya, na kasa saki, na kasa kira, haƙorana sun haɗe. Jikina na karkarwa tun daga ƙafa har wuya, sifika na wani irin ruri. Abin da har yau nake ji a kunnena shi ne guɗa. Mata sun ɗauka sabuwar rawa ce na fito da ita. Wani dattijo har da dariya, yana cewa, "Kai, wanga yaro ya iya!" Ina kallonsu, suna kallona, ina mutuwa suna tafi.

Shehu ne ya dubi fuskata. Ya yar da kalangu ya kwarma ihu, "Ba rawa ba ta, wuta ta! Ku kashe injin!" Bai jira kowa ba, ya tsallake mutane ya fizge wayar daga janareta. Daga nan ban san komai ba, sai farkawa na yi a asibiti a Maiyama, hannuna naɗe, layin tsirkiya kwance a yatsuna kamar an zana da wuƙa mai zafi.

Ga inda nake so ka saurara da kyau. Da aka tafi da ni, fili ya watse, Shehu ya ga takalmina a jere gefen tabarma, inda na bar su. Bai so su ɓata ba, bawan Allah, sai ya ɗauka, ya hau babur ya nufo Jega don ya sanar da gida. Lokacin innarka na da tsohon cikinka. Ya yi sallama, ta fito zaure, ta ga Shehu tsaye shi kaɗai, da takalmina a hannunsa. Ta dafa bango, ta sulale ta zauna a ƙasa. Shehu ya ce ya yi ta maimaita mata, "Yana da rai, Hajara, wallahi yana da rai," amma ita takalmin kurum take kallo. Har yau, ka lura, in na bar takalmi a ƙofar ɗaki na fita da wani, sai ta kawar da shi inda ba za ta gan shi ba. Kai kana ce mata tsabta ce ta yi mata yawa.

Na ci gaba da kiɗa da yatsu biyu na ɗan lokaci, amma bes ba ta yarda da rabin hannu. Na koma sayar da buhunan albasa, kuma alhamdu lillahi, da su na ciyar da ku. Ban taɓa hana ka jitar ba, ko da innarka ta so in hana. Tun kana rarrafe kake zuwa ka manna kunnenka a jikinta in na kaɗa, ka yi lamo. Na san abin ya riga ya shige ka. Kuma wallahi ka fi ni hannu, nesa ba kusa ba. Ban taɓa gaya maka ba don kada kanka ya kumbura ya ƙara wa gashin nan girma.

Watan jiya, da kuka yi bikin nan na Aliero, na zo. Ba ka gan ni ba, can baya na tsaya wajen masu babura. An yi ruwa a ranar, ka tuna. Kana kiɗa, ina jin daɗi har ƙirjina, ina so in kama na kusa da ni in ce masa ɗana ne. Sai kawun ango ya iso, dattijo mai rawani, aka shimfiɗa masa darduma kusa da ku. Ina kallonka, ba ka ko daina kiɗa ba, ka zame silifas ɗinka da ƙafa ɗaya, ka zame ɗayan, ka tura su gefe, ka russuna. Ƙafarka tsirara bisa ƙasa mai laima, hannunka a kan tsirkiya. Na buɗe baki in yi ihu, murya ta ƙi fita. Allah ya tsare, kayan ranar lafiyarsu ƙalau, ba abin da ya faru. Mutane na ta cewa yaron nan akwai tarbiyya, ɗan wane ne? Ni kuwa na dawo gida na kasa cin tuwo.

Ni na koya maka. Ni na riƙa daka maka tsawa kana yaro in ka tunkari babba da takalmi, har ka iya, ƙafarka ta riƙa yi da kanta kamar tawa. Ban yi nadama ba, abu ne mai kyau, kuma ina alfahari da kai. A masallaci ka tuɓe, a zauren mutane ka tuɓe, gaban surukanka in Allah ya kai mu ka tuɓe tun daga nesa. Amma in jita na jone, yau ni ɗin nan nake roƙonka ka saɓa wa abin da na koya maka.

In babba ya iso kuna kiɗa, durƙusa masa da takalminka, har ƙasa in ka so, amma ka saki tsirkiya tukuna, kada gwiwarka ta taɓa ƙasa hannunka na kan ƙarfe. In an shimfiɗa muku tabarma, ka tsaya a gefenta, ko ka nemi busasshen katako ko benci. In wani ya harare ka, ko ka ji ana cewa yaran yanzu ba su da kunya, ka haɗiye. Na san zai yi maka ciwo, don na san zuciyarka. In an gama ka je ka gaishe shi da kyau, ka ce, "Baba, a yi mini aikin gafara, mahaifina ne ya yi mini iyaka, saboda wutar lantarki." Ka ɗora laifin a kaina, ina iya ɗauka. Dattijon kirki zai sa maka albarka, wanda bai gane ba kuma ka bar shi da Allah.

Kuma kada ka ɗauka takalmin kaɗai ya isa. A aljihun jakar jitar na sa maka testa, ƙaramin sukudireban nan mai fitila. Duk inda kuka sauka, kafin ka taɓa da hannu, ka ɗora shi a tsirkiya, ka ɗora a makirfo. In ya kawo haske, kada ka kaɗa, ko gwamna ke jira. Kada ka karya ƙafar fulogi ta uku, kada ka bari wani ya karya maka. In janareta ne, ka sa a kafa ƙarfe a ƙasa a ɗaura masa waya, ko za su ce ka cika tsoro. In kaya sun sha ruwa, a bar su su bushe. Kada ka kama makirfo da hannu ɗaya, ɗayan na kan tsirkiya, sai ka gwada su. In ka ji ɗan cizon nan kamar tururuwa, ba sanyi ba ne, ajiye ta. Kuma ka gaya wa abokan kiɗanka tun ranar farko inda ake kashe wuta, ka ce musu in sun ga kana wata rawar da ba su san ka da ita ba, su kashe kafin su yi tafi.

Takalmin, tsohon silifas ɗinka na ɗauka a ɓoye na kai kasuwa aka auna, shi ya sa ka yi ta nemansa ran Juma'a kana zargin ƙannenka. Na san ba irin na samarin Kaduna ba ne, baƙi ne, ƙato, kamar na masu gadi. Innarka ta ce ba za ka sa ba, wai zai ɓata maka ado. Na ce zai sa. Da na juya, sai na ga ta ɗauke shi ta shiga ɗaki, ta daɗe tana tofa masa addu'a, ita da ba ta son ganin takalmi babu mai shi. Ita ta sa shi cikin ledar da hannunta.

Ka tsare salla a kan lokaci, ko ana tsakiyar biki. Ka ci abinci. Ka riƙa kiran innarka, ni ba sai ka kira ni ba, in ta ji muryarka ni ma na ji. Allah ya yi maka albarka, ya sa hannunka ya ciyar da kai da halal, ya tsare maka yatsunka goma, ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga wuta ta duniya da ta lahira. Amin summa amin.

Ban roƙe ka suna ba, ban roƙe ka mota ba. Innarka ta taɓa fitowa zaure ta ga takalmi a hannun wani, kuma ba za ta iya sau biyu ba, ni ma haka. Ranar da za ka dawo, Bashar, ka shigo mana da su a ƙafarka. In ka iso bakin zaure sai ka tuɓe, mu ji da kunnenmu kana kakkaɓe su kana sallama.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Umaru.